Babi na Uku: Wace Waya Ce Ta Dace da Ɗalibi?

"Kawu, wace waya ce mai kyau, amma wadda kuɗinta bai yi yawa ba?"

'Yar yayata ce ta yi mini wannan tambaya, mako biyu bayan ta samu gurbin karatu a jami'a. Na kuma san ba ita kaɗai ce ke yin ta ba. Duk shekara, da zarar an fara rajistar sababbin ɗalibai, sai ka ga iyaye da yayye da kawunnai sun cika kasuwannin waya, daga Farm Centre da titin Beirut a Kano, har Banex a Abuja da Computer Village a Ikeja. Kowa da 'yan kuɗinsa a aljihu, kowa da wannan tambaya a bakinsa. Mai shago kuwa amsarsa ɗaya ce: "Nawa ne a hannunka, Alhaji?" Kana faɗa, sai ya zaro kwali ya dire maka a kan kanta.

Ban ga laifinsa ba, nema ya fito. Amma ni ban yarda a fara da kuɗi ba. Na ce wa yarinyar ta kira wata ƙawarta da ke aji biyu, ta tambaye ta abin da take yi da wayarta tun daga asuba har ta kwanta barci. Amsar da ta kawo mini ita ce ginshiƙin wannan babi.

Yinin ɗalibi a cikin waya

Ƙawar ta ce waya ce ke tashe ta da asuba. Kafin ta gama shiri ta leƙa guruf ɗin ajinsu na WhatsApp, domin a nan shugaban aji ke sanar da cewa laccar ƙarfe goma ta dawo ƙarfe takwas, ko an sauya ɗakin da za a yi ta. A cikin aji, idan malami ya cika allo kuma yana shirin gogewa, sai ta ɗauki hotonsa. Wani lokaci ta naɗi muryar malamin don ta sake saurare. Da rana a turo handawut mai shafi tamanin a PDF, wanda kuɗin buga shi a takarda ya isa abincin kwana biyu, don haka a waya za ta karanta. Da waya take shiga shafin makaranta ta yi rajistar kwasa-kwasai, ta duba sakamako, ta fitar da lambar biyan kuɗi ta Remita. Da ita take tura wa mai abinci kuɗi. Da yamma ta nemi bayanin abin da ba ta gane ba a YouTube, ta kira mahaifiyarta. Da dare kuma, an ɗauke wuta, ta kishingiɗa tana karatu a fuskar wayar har barci ya kwashe ta.

Sake duba wannan jeri. Babu aiki ko ɗaya a ciki da ke buƙatar waya mai tsadar gaske. Sai dai dukkansu suna buƙatar waya ta kai dare ba ta mutu ba, ta ɗauki kaya ba ta cika ba, ta buɗe abu ba ta tsaya tana tunani ba. Kuma za ta yi haka ne kullum, shekara huɗu ko biyar, a cikin jaka ɗaya da littattafai da maƙullai, a cikin ƙurar hunturu da zafin bazara. Wayar ɗalibi jakin aiki ce. Wanda zai sayi jaki ƙafa da baya yake dubawa, kyan kunne ba ya cikin lissafi.

Batir kafin komai

Da za a ce in zaɓi abu guda kawai in duba, batir zan duba. Wanda ya taɓa zama a ɗakin kwanan ɗalibai ya san yadda ake yi idan aka kawo wuta da tsakar dare: mutum takwas, soket biyu, kowa ya taso da cazarsa a hannu. Wanda bai samu ba, gobe sai ya kai wa mai caji, ya biya, ya bar wayarsa a hannun wani na tsawon awa biyu ko uku, a daidai lokacin da ake turo sanarwa a guruf.

Ana auna girman batir da mAh, kuma za ka ga lambar a jikin kwali. A kasuwa ba sa wahalar da kansu, "batir dubu biyar" kawai suke cewa. Wannan 5000 ɗin shi ne ma'aunin da nake ba da shawara kada a sauka ƙasa da shi, kuma alhamdu lillahi yawancin ƙananan wayoyi na yanzu da shi suke zuwa, wasu ma 6000. Waya mai batir 5000 tana kai ɗalibi dare idan karatu da saƙonni ne yawancin aikinsa. Bidiyo ne ke shanye caji, sai kuma wurin da sabis ba shi da ƙarfi, domin a nan waya takan yi ta fafutukar neman layi.

Akwai lamba ta biyu da mutane ba su cika dubawa ba, alhali a ƙasarmu ta kusa kai ta farko muhimmanci: ƙarfin caji, wanda ake rubutawa da W. Cazar 10W takan ɗauki kusan awa uku kafin ta cika batir 5000. Ta 18W takan yi a wajen awa biyu, ta 33W kuwa awa ɗaya da 'yan mintuna. Inda wuta kan zo ta yi minti arba'in ta koma, wannan bambanci shi ne tsakanin wanda zai wuni da waya da wanda zai wuni yana neman aro. Ka tambaya kuma ko cazar tana cikin kwalin, domin wasu kamfanoni sun daina sakawa, igiya kawai suke ba ka. Ka duba bakin cajin: mai siffar ƙwai da ake kira Type-C, wanda ake sokawa ta kowace fuska, shi ne na yanzu, kuma shi ne za a fi samun aronsa a wurin abokai. Tsohon bakin nan mai fuska ɗaya yana kan hanyar ƙarewa.

Wani abu game da batir da ya kamata ɗalibi ya sani tun ranar farko: zafi ne babban maƙiyinsa. A Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, ma'aunin zafi kan haura 40 a watan Afrilu. Wayar da ake caji a ƙarƙashin matashi, ko ake kallon fim da ita tana jone da wuta, ko aka bari a taga rana na dukanta, batirinta zai tsufa kafin lokacinsa. In ka ga bayan waya ya fara tasowa, batir ne ya kumbura. A daina caji, a kai wa mai gyara a ranar.

Turmi da rumbu

A nan ne aka fi rikita masu saye, don haka zan ɗan jima.

A jikin kowane kwali za ka ga lambobi biyu a haɗe, kamar 4GB da 64GB, ko 4GB da 128GB. Ƙaramar ita ce RAM, babbar ita ce ma'ajiya, wadda 'yan kasuwa ke kira memori. Ka ɗauki gidan manomi. Ma'ajiya ita ce rumbu, inda hatsi ke zaune har a buƙace shi. RAM kuwa turmi ne, inda ake zuba abin da za a daka yanzu. Komai girman rumbu, idan turmi ƙarami ne, kaɗan-kaɗan za a riƙa daka, a kwashe, a sake zubawa. Haka waya take. Idan ɗalibi yana karanta PDF, ya fita ya duba ma'anar wata kalma a intanet, ya dawo ya tarar littafin ya rufe kansa ya koma shafin farko, turmin ne ya yi ƙanƙanta: wayar ta kwashe littafin don ta samu wurin zuba wani abu.

Waya mai RAM 2GB tana aiki, ba na musu. Yawancin irinta suna zuwa da Android Go, wani sassauƙan nau'i da Google ya fitar a 2017 don wayoyi marasa ƙarfi. Ga mai kira da WhatsApp kaɗai ta wadatar. Amma manhajoji kullum ƙara nauyi suke yi, kuma wayar da ke numfashi sama-sama a aji ɗaya ba za ta kai aji uku da lafiya ba. Shawarata 4GB, na gaskiya. In kuɗi ya kai 6GB, madalla.

Na ce "na gaskiya" saboda wata dabarar talla da ta zama ruwan dare. Za ka ga an rubuta 8GB da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma da ƙanana an sa 4+4. Ma'anarsa RAM ɗin 4 ne, sauran 4 ɗin aro ne aka yanko daga ma'ajiya. Wato an share wani lungu a cikin rumbu an ce shi ma turmi ne. Yana ɗan taimakawa wajen ajiye abin da aka ture gefe, amma ba a daka a cikinsa, domin ma'ajiya ba ta da saurin RAM ko kusa. Saboda haka idan mai shago ya ce maka "ram takwas ce", ka tambaye shi: "Nawa ne nata na asali, ban da ƙari?" Lambar farko ita ce abin da ka saya.

Rumbun fa? Wayar da aka rubuta wa 64GB ba 64 za ka samu ba, domin manhajar da ke tafiyar da wayar ta riga ta zauna a ciki. Abin da zai rage maka wajen 50 ne. Littattafai ba su da ci: littafi mai shafi ɗari uku, in rubutu ne zalla, bai fi 'yan mega kaɗan ba. Hoton allo ɗaya mega biyu zuwa huɗu ne. Bidiyo ne mai cinye wuri, minti ɗaya da aka ɗauka da kyau kan haura mega 100. Sai kuma WhatsApp, wanda in ba a hana shi ba, duk abin da aka turo a guruf goma sai ya sauke: wa'azi, waƙa, bikin da ba ka san masu shi ba, gaisuwar Juma'a mai furanni. Da 64GB ana iya zama idan ana shara a kai a kai. Da 128GB hankali ya fi kwanciya, kuma sau da yawa bambancin kuɗin ba shi da yawa. 32GB kuwa, a bar ta a shago.

Ka duba ko wayar tana da gurbin katin memori. Yana da amfani, amma a sayi katin a wurin da aka amince da shi. Akwai jabu da yawa da ke nuna 64GB alhali cikinsu bai kai haka ba. Za su karɓi kaya kamar gaske, sai ranar da aka zo buɗewa a tarar komai ya lalace. Ɗalibin da ya zuba aikin firojet ɗinsa a irin wannan kati, kuka zai yi.

Saura mai dakan kansa, wato injin da ke cikin waya. Sunayen da za ka ci karo da su a wannan aji su ne Unisoc, da Helio na kamfanin MediaTek, da Snapdragon na Qualcomm. Ba sai ɗalibi ya haddace lambobinsu ba. Ya riƙe wayar a shago, ya buɗe kyamara, ya fita, ya buɗe wani abu, ya dawo. Idan tana sabuwa fil, babu komai a cikinta, amma tana jan ƙafa, to da kaya ma sai abin ya fi haka.

Fuskar da za a kalla awa shida

Tunda waya ta zama littafi, fuskarta ta zama takarda. Inci 6.5 zuwa 6.7 shi ne girman da aka fi samu yanzu, kuma ya isa a karanta PDF ba tare da an yi ta ja da yatsa ba. Ƙananan wayoyi yawanci suna da ɗigo 720 a faɗi, na sama da su 1080. A ta biyun ƙananan baƙaƙe sun fi fitowa tsaf, abin da mai karanta lissafi, ko zanen taswira, ko Larabci mai wasulla zai gode wa. Amma 720 ma ana karatu da ita lafiya, kuma ta fi tattalin caji.

Abin da zan roƙa shi ne a fita da wayar bakin ƙofar shago, a ƙure haskenta, a ga ko ana iya karanta rubutu a rana. Sannan a rage hasken har ƙasa, a ga ko yana sauka sosai, saboda karatun dare a ɗaki mai duhu. Kafin a biya kuma a tambayi kuɗin canjin sikirin ɗinta. Irin wanda ake kira AMOLED ya fi kyan launi, amma in ya fashe gyaransa ya fi na LCD tsada nesa ba kusa ba, kuma wayar ɗalibi sai ta faɗi, ko ba jima ko ba daɗe.

Idanu uku a baya

Kyamara ce abin da talla ta fi kururutawa, ita ce kuma abin da 'yar yayata ta fara tambaya. A ƙananan wayoyi, cikin idanu biyu ko uku da ke baya, ɗaya ne ke yin ainihin aikin, sauran 'yan rakiya ne. Lambar nan ta 50MP ma ba ita ce ke nuna kyan hoto ba, domin yawanci wayar kan haɗe ɗigo huɗu su zama ɗaya, hoton ya fito a wajen 12MP. Gwajin ɗalibi mai sauƙi ne: ya ɗauki hoton shafin jarida ko rasit a cikin shagon, ya buɗe, ya faɗaɗa. Idan ƙananan rubutu sun karantu har gefe-gefe, kyamarar ta ci jarrabawa.

Layi da sabis

Waya mai layi biyu ta zama dole, kuma kusan duk na kasuwarmu haka suke. A wata makarantar MTN ne ke da ƙarfi, a wata Airtel ko Glo, wani lokaci ma daga wannan ɗakin kwana zuwa wancan abin ya bambanta. A tambayi waɗanda suka riga shiga makarantar.

4G ta wadatar. An yi gwanjon lasisin 5G a Najeriya a Disambar 2021, MTN ya fara a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023, amma har yanzu wasu sassan manyan birane ne ke samu. Kuɗin da za a ƙara don 5G, gara a ƙara shi a RAM ko ma'ajiya. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka sa layinka a cikin wayar tun a shago, ka ga alamar 4G ta fito, ka buɗe shafi ɗaya. Wasu wayoyin da aka shigo da su daga waje an ƙera su ne don layukan wata ƙasa, wasu ma a kulle suke da kamfanin can.

Bari in ɗan ratse, tunda maganar layi ake. Tun 2021 hukumar JAMB ta wajabta lambar NIN, kuma ɗalibi kan tura ta ne ta saƙo zuwa 55019 ko 66019 don ya samu lambar rajista. Layin da aka yi wannan da shi ya zama kamar takardar shaida. Na ga waɗanda suka yi rajista da layin mai shagon kwamfuta ko na wani aboki, daga baya suka sha wahala. A canza waya sau goma in ana so, amma layin nan a riƙe shi da kyau.

Suna, da mai gyara

Tecno da Infinix da itel, waɗanda suka cika kasuwanninmu, 'ya'yan gida ɗaya ne: kamfanin Transsion da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin, wanda ya fi kowa sayar da waya a Afirka. Ga kuma jerin Galaxy A na Samsung, da Redmi na Xiaomi, da wasunsu. Ba zan ce wannan ya fi wancan ba, domin kowane kamfani yana da mai kyau da mai dama-dama, kuma samfurin bana ba shi ne na baɗi ba. Tambayoyi biyu nake yi.

Ta farko: in ta lalace, akwai kayanta a garin da makarantar take? Wayar da kowane mai gyara a bakin ƙofar makaranta yake da sikirin ɗinta da bakin cajinta ta fi wata baƙuwa mai kyau da sai an aika Legas. Ta biyu: shekara nawa kamfanin zai ci gaba da sabunta manhajarta? Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai 5.0 ba, kuma manhajojin banki ma kan yi irin haka. Wasu kamfanoni sun fara alkawari mai tsawo ko a ƙananan wayoyi: Samsung ya ce zai sabunta Galaxy A16, wadda ta fito a 2024, har shekara shida. Ko ba a samu irin wannan ba, a tabbata Android ɗin da ke kan wayar na bana ne ko na bara. Sabuwa a kwali ba ta nufin sabuwar fitowa, wata ta yi shekara uku a sito.

Sabuwa ko ta hannu?

Ga wanda kuɗinsa bai kai ba, ta hannu na da jan hankali. Da kuɗin ƙaramar sabuwa za a nuna maka babbar waya ta shekarun baya, a ce 'yar Landan ce, ko ƙwarzane babu. Wani lokaci a dace. Amma ni na taɓa ƙonewa, shi ya sa nake jan kunne.

Shekarun baya na saya wa ƙanena irin wannan waya a hannun wani saurayi da ya tare ni a bakin hanya. Fes take, kuɗinta kuma ya yi sauƙi ƙwarai. Kwana uku tana aiki lafiya. A na huɗu yaron ya ce bari ya goge komai ya fara daga farko. Tana tashi sai ta nemi adireshin Google na mai ita na da, da kalmar sirrinsa. Muka koma inda na ga saurayin, babu shi babu labarinsa, babu kuma wanda ya ce ya san shi. Asarar kuɗin ta yi mini ciwo, amma abin da ya hana ni barci shi ne tunanin ta yiwu wayar wani bawan Allah ce aka ƙwace, wataƙila ma da makami. Duk wanda ke zaune a garuruwanmu ya san abin da ƙwacen waya ya jawo, har da asarar rayuka. Masu ƙwacen kuwa ba za su yi ba in babu masu saye. Ban da haka, ana bin sawun waya, kuma wanda aka same ta a hannunsa shi zai fara amsa tambaya a ofishin 'yan sanda. Ba na son ɗalibi ya shiga wannan hali saboda rangwamen 'yan dubbai.

Idan dole sai ta hannu, a saya a shago mai adireshi, wanda gobe za a dawo a same shi. A danna *#06#, lambar IMEI mai alƙaluma 15 za ta fito, a sa mai shago ya rubuta ta a rasit tare da sunan shagonsa da lambar wayarsa. A sa shi ya goge wayar gaba ɗaya a gabanka, ta tashi, ka shigar da naka adireshin da hannunka. A tuna kuma batirin wayar da ta yi shekara biyu ko uku a hannun wani ya riga ya ba da ƙuruciyarsa, don haka a sa kuɗin sabon batir a cikin lissafi. In an haɗa duka, sau da yawa sai ka ga ƙaramar sabuwa mai garantin shekara ɗaya ta fi sauƙi.

Ko sabuwar ma a duba ta. Lambar IMEI da ta fito a fuska ta dace da wadda ke jikin kwali. A buɗe kwalin a gabanka. A yi kira a ji murya ta ɓangarorin biyu, a jona caji a ga tana ɗauka, a shafa kowane lungu na sikirin. Idan aka kawo maka waya mai babban suna a rabin kuɗinta, ka ajiye ta: akwai jabu da ke nuna lambobin ƙarya har a cikin saitinsu. Rasit da kwali kuwa a kai gida a adana, da su ake karɓar garanti.

Kada kuɗin ya ƙare a kwali

Da gangan ban rubuta farashi a wannan babi ba. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, farashin waya ba ya zama wuri ɗaya, kuma duk lambar da na rubuta za ta tsufa kafin littafin ya iso hannunka. Abin da ba ya tsufa shi ne yadda ake kasa kuɗin. Kuskuren da na fi gani shi ne a tattara komai a zuba a waya, a fito shago ba ko sisi. Sai yaro ya tafi makaranta da waya tsirara, ba riga ba gilashin kariya, ba data. Mako uku ta faɗi a kan siminti.

In kuɗin kashi goma ne, takwas su tafi a waya. Sauran biyun a sayi riga mai kauri a kusurwoyi, da gilashin kariya a liƙa tun a shago, da abin sawa a kunne don sauraron lacca ba tare da an dami abokan ɗaki ba, da datar wata na farko. In da hali, a ƙara da fawabank mai 10000mAh, wanda zai cika waya mai batir 5000 sau ɗaya da ɗan ƙari, ba sau biyu ba, domin wani kaso na wutar yana salwanta a hanya.

Akwai kuma tsarin biya kaɗan-kaɗan da ya yaɗu a shaguna: ka ba da kafin alƙalami, ka tafi da waya, ka riƙa biya duk mako ko duk wata. Kafin a sa hannu a ɗauki biro a tara jimillar abin da za a biya, a gwada da kuɗinta na lakadan. Yawanci ratar tana da faɗi, kuma mai kiyaye addininsa zai so ya tambayi malamai hukuncin irin yarjejeniyar da aka miƙo masa. Sannan irin waɗannan wayoyi suna ɗauke da manhajar da ke kulle su idan an makara da biya. Ɗalibin da ba shi da albashi, wanda kuɗinsa sai an turo daga gida, yana iya wayar gari a makon jarrabawa ya tarar littattafansa duka suna bayan ƙofar da ba shi da mabuɗinta.

Mu dai ranar da muka je kasuwa ni da 'yar yayata, shago huɗu muka shiga. A na uku ta ga wata mai ruwan zinare da idanu uku, ta riƙe ta kamar ba za ta saki ba. Muka juya kwalin, RAM ɗin 3 ne aka yi masa ƙari. Ta yi shiru, ta mayar. A na huɗu muka samu mai 4GB na asali da 128GB, batir 5000, caza 18W a cikin kwali, baƙa wuluk ba wani ado. Ta ɗauki hoton rasit ɗin mai shagon, ta faɗaɗa, ta karanta mini lambar wayarsa daga ciki. Muka sa aka liƙa gilashi, na sa mata allon rubutu na Gboard mai Hausa don ta samu ɓ da ɗ da ƙ, muka kamo hanyar gida.

Kwana tara da tafiyarta makaranta ta kira ni. Wayar lafiya lau, in ji ta, amma datar wata guda da na saya mata ta ƙare, kuma ta rantse ba ta kalli fim ko ɗaya ba. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan kuka ya ƙaru a bakin ɗalibai. Ina datar ke tafiya, waɗanne manhajoji ne ke sha a ɓoye, kuma waɗanne maɓallai ne za a taɓa a rufe ɓarakar? Da wannan za mu buɗe babi na huɗu.